Man sitiyari da ke ɗiga shi ya cinye tiyon ruwa da bushin ɗin jif

Motar jif ce mai shasi, sitiyarinta na aiki da mai, ta haura kilomita 200,000, kuma ƙorafi uku ne a kanta. Idan ta shiga gargada ana jin ƙwas-ƙwas daga ƙasan gaba. A kan kwalta mai kyau ba ta tafiya miƙe, sai direba ya yi ta gyara sitiyari, in ya taka birki kuma ta ɗan fizga hagu. Sannan ruwan lagireto yana raguwa a hankali alhali ba a ganin jiƙa a inda ta kwana. A irin wannan hali an saba a sayi shokazoba, a canza tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, a riƙa ƙara ruwa kowace safiya. Ni ban kwance noti ko ɗaya ba sai da na wanke ƙasan injin tas, domin mai da ƙura sun haɗu sun lulluɓe komai, ba a gane daga ina yoyo ya fara.

Da wurin ya bushe na tayar da injin, na sa aka juya sitiyari dama da hagu, ina ƙarƙashi da tocila. Nan take mai ya fara tsattsafowa daga tiyon matsi na famfon sitiyari, daidai inda aka matse ƙarfe a kan roba. Ɗigon yana sauka kan tiyon ƙasa na lagireto, ya bi jiki ya gangara kan robar da ke riƙe rak ɗin sitiyari, wato bututun ƙarfen da sandar cikinsa ke tura tayoyi dama da hagu, ragowar iska ta kwashe shi zuwa bushin ɗin baya na lowa-am na hagu, wato robar da ke mahaɗar shasi da hannun ƙarfen ƙasa mai riƙe taya. Robar da ake yin tiyon ruwa da ita, wato EPDM, tana jure ruwan zafi shekara da shekaru, amma ba ta jituwa da man giya ko baƙin mai. Tana shan sa ta kumbura ta yi laushi. Bushin ma haka. Da na latsa tiyon da yatsa, wurin da man ke sauka ya lotsa kamar soso, sauran jikinsa kuwa da ƙarfinsa. Ko an sa sabon tiyo da sabon bushin, muddin man nan na ɗiga, aikin zai dawo.

Duk da haka ban jingina komai a kan yoyon ba, na bi sassan sitiyarin ɗaya bayan ɗaya. Gwajin farko ana yin sa ne taya na ƙasa, mota na kan nauyinta: mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma ka zuba wa rak ido. Jikin rak bai kamata ya motsa ba, sandar da ke cikinsa ce ke tafiya. A nan jikin kansa yana zamewa gefe kafin taya ta amsa, kuma wannan shi ne yawon da motar ke yi a titi. Bayan nan na ɗaga gaba na ɗora kan ƙarfen tokara, don jak shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Na kama taya hannu ɗaya gaba ɗaya baya na girgiza, na ji wasa a hagu. Da na dafa kan tayarod na waje sai na ji bugun a tafin hannuna, robarsa ta tsage, giris ya gudu. Kamun sama da ƙasa shi ke nuna wasan boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa lowa-am da taya, ko na boris ɗin taya. A jif da sifirin ɗinta ke danna lowa-am, dole a sa jak ƙarƙashin lowa-am ɗin a ɗan ɗaga, in ba haka ba ƙarfin sifirin zai matse boljoyin ya ɓoye wasansa. Boljoyin da boris na wannan motar lafiya lau suke, na bar su. Na kuma zame robar da ke rufe bakin rak na leƙa ciki: a bushe take, alamar sil ɗin rak bai mutu ba. Da na tarar da mai a ciki, da maganar ta koma ta gyaran rak ɗin gaba ɗaya.

Bushin ɗin lowa-am da liba ake gwada shi. Ƙananan tsage-tsage a fuskar roba tsufa ne kawai. Abin dubawa shi ne ko robar ta rabu da bututun ƙarfen da ke tsakiyarta. Na hagu ya rabu, hannun yana tafiya gaba da baya, shi ya sa in an taka birki tayar ke ja da baya motar ta karkata.

Gyara ya fara daga tiyon sitiyari. Wannan ba a yanke shi a ɗaure da kilif, matsin da ke cikinsa yana haura bar 80 (bar ma'aunin matsi ne) idan an kai sitiyari ƙarshe. Sabo ake sawa, da sabbin washa na tagulla ko zoben roba, gwargwadon yadda bakinsa yake. Irin man da za a zuba yana rubuce a murfin tankin ko a littafin motar. Yawancin tsofaffin Toyota man giya Dexron suke sha, Honda kuwa nata man daban ne, kuma cakuɗa su yana lalata sil. Kusan lita ɗaya ke cika tsarin. Fitar da iska: tayoyin gaba a sama, injin a kashe, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 a hankali ana ƙara mai, sannan a tayar. Idan man ya yi kumfa ko famfo na kuka, da sauran iska, a kashe a bar shi ya kwanta. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar injin na aiki.

Bushin ne ya fi cin lokaci. Kafin in kwance, na yi wa washa masu karkata na alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, alama da fenti, don su koma kusa da inda suke. Bol ɗaya ya yi tsatsa ya manne da bututun cikin bushin, noti ya fita amma bol ɗin ya ƙi zarewa. Duka da guduma ba ya fitar da irin wannan, robar ce ke shanye bugun, sai dai a lanƙwasa kunnen shasi a banza. Zarto na sa na yanke shi ta gefe biyu na nemi sabo, na shafa masa man hana tsatsa a jikinsa. Tsohon bushin da injin matsi ake tura shi waje, a goge ramin, a tura sabon a miƙe. Wasu bushin suna da rami ko kibiya a jikin robar, kuma dole su fuskanci inda tsohon ya fuskanta, saboda haka a duba kafin a cire. Inda ake bukatar santsi don roba ta shiga, kamar robar rak, ruwan sabulu ya isa. Giris na yau da kullum zai yi mata abin da man sitiyari ya yi wa tsohuwar. Na canza bushin na dama tare da na hagu, don sabo a gefe ɗaya da gajiyayye a ɗaya gefen yana sa mota ta ja.

Wurin da aiki mai kyau ke lalacewa shi ne ɗaurin ƙarshe. Bushin na roba ba ya juyawa a kan bol, murɗewa robar ke yi yayin da hannun ke hawa da sauka. Idan aka ɗaure shi tamau taya na reto a sama, da an sauke motar robar za ta zauna a murɗe, kowane rami kuma ya ƙara murɗa ta, cikin 'yan watanni ta yage a ce kayan ne ba su da kyau. Ni na ɗaura da hannu kawai, na sauke motar kan tayoyinta, na danna gaban sau da yawa ya zauna, sannan na ɗaure da sufana mai auna ƙarfi bisa adadin da littafin gyaran motar ya bayar. Tayarod kuwa na ƙirga zagayen da tsohon ya yi wajen fita na mayar da sabon daidai haka, da sabon fin. In ramin fin bai zo daidai ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba sassautawa ba. Wanda zai raba rak da sandar sitiyari ya ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera tukuna, don in ya juya sakaka wayar da ke naɗe a bayansa, mai kai wuta ga hon da jakar iska, tsinkewa take yi.

Aikin ruwa kuwa sai injin ya huce sarai. Na sa famfon gwaji a bakin lagireto na hura zuwa adadin da ke kan murfi, wanda yawanci bar 0.9 ne ko 1.1, na jira minti 15. Allura ta sauka, ruwa ya fara tsattsafowa daga gefen kilif na tiyon da ya kumbura. Dalilin da ba a ganin jiƙa a ƙasa ke nan: sai injin ya yi zafi matsi ya hau yake fita, kuma ya bushe a hanya. Baƙin mai bai yi fari ba, babu kumfa mai tasowa a lagireto, don haka gaskit ɗin kan injin bai shiga maganar ba. Tsohon tiyo na tsaga shi a tsaye da reza na ɓare, domin bakin lagireto na filastik ne, ya tsufa, in an sa sukundireba an banƙara zai fashe. Kilif yana zama a bayan tudun bakin, ba a kansa ba. Na fi son kilif mai sifirin da motar ta zo da shi, yana bin tiyo in ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi. Mai sukuru yakan sassauta, in an matse shi da yawa kuma ya yanki roba. Sauran tiyo, har da ƙananan na hita, na latsa su kusa da bakinsu, don daga nan suke fara ruɓewa ta ciki.

Na cika da haɗin rabi ruwan sanyaya injin rabi tataccen ruwa, hita a kan zafi, murfi a buɗe, har tamostat ya buɗe a wajen digiri 82 tiyon ya ɗau zafi, ruwan ya faɗa na ƙara. Tsohon ruwan da aka tara a rufe shi a kawar, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi. Daga nan motar ta tafi alaimen, don ƙirgen zagaye da alamar fenti na kai ta wurin ne kawai. Washegari da injin a sanyaye na sake duba ruwa da man sitiyari, bayan 'yan kwanaki kuma na koma ƙarƙashi da farin ƙyalle na shafa bakin sabon tiyon matsi da kilif ɗin lagireto, duka a bushe.