Laraba: neman littafin Hausa a Legas

Lacca ɗaya muka yi yau, ta ƙarfe goma. Na hau jirgin ƙasa a Agege na sauka a Yaba, daga nan mota zuwa Akoka, inda makarantarmu take. Tun da jirgin nan ya fara ɗaukar fasinja a 2024 nake samun damar karatu a hanya. A danfo kam ba zancen buɗe littafi, kwandasta na ihun Oshodi, hannunki ɗaya na riƙe da jaka gam.

Da muka tashi sai na tsaya wajen masu baza tsofaffin littattafai a Yaba. Babu abin da babu: na lauya, na akanta, na aikin jinya, tambayoyin JAMB na shekarun baya, labaran Ingila da Amurka da suka sha hannu har bangonsu ya yi laushi, ga na Yarbanci da ake karantawa a sakandare. Na tambayi mai kayan ko yana da na Hausa. Ya yi dariya, ya ce in koma Agege wurin mutanena.

To, na koma. Bayan la'asar na je wurin dattijon nan da ke kasa kaya a gefen masallaci. Alƙur'anai ne, da Ahalari, da Ishmawi, da Risala, sai carbi da turare da huluna. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko akwai Magana Jari Ce?"

Ya ce, "'Yar nan, wa zai saya? Labari ai ya koma waya."

Gaskiya ya faɗa. Ƙanwata ba ta kwana ba ta karanta labari ba, amma duk a WhatsApp. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, daidai inda kishiya ta shigo gida sai ta tsaya, mai son ci gaba ta tura kuɗi. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Matan aure a Idi-Araba da Mile 12 da ba su taɓa taka kantin littattafai ba suna karatu kullum, kuma marubutan na samun na cefane ba tare da sun bi ta maɗaba'a ba. Abin da ke ci mini rai shi ne rubutun. Ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, kalmomi a manne da juna, ba wanda ya duba kafin a saki. Sannan ran da aka fizge wayar a tasha, shi ke nan, ɗakin karatun ya tafi. Littafin Abubakar Imam kuwa tun 1937 ya fito a Zariya, kuma har gobe kwafin kakanmu na cikin adakarsa a Katsina, sai dai ba ya ba da aro.

Dattijon ya ce yaronsa zai je Kano sarin kaya ƙarshen wata, in rubuta masa sunan littafin ya duba a Kasuwar Kurmi. Na rubuta, na ce duka juzu'i ukun nake so, na bar kafin alƙalami.

Litinin muna da gwaji, kuma takardun da na kai fotokwafi tun safe suna can shagon, sai gobe zan karɓo.