Wa'azin Lahadi a Bakin Gulbin Maradi

Sunan jikan gwaggona ne ya kai ni Maradi, ana ƙarshen bazara, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa ba tare da ya zubar ba. Daga Katsina na shiga motar Jibiya da sassafe, don duk wanda ya san hanyar nan ba ya bin ta da dare. Shingayen jami'an tsaro sun ci mana lokaci fiye da tafiyar kanta. Muka tsallaka iyaka ta Magama, a Ɗan Isa aka duba takardunmu, na canza naira zuwa sefa a wurin 'yan canji, lissafi ya koma dala da jika.

Saura kimanin kilomita 15 a shiga gari sai ga Danja, inda asibitin kutare yake, wanda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka buɗe a 1956, daga baya a 2012 aka ƙara masa cibiyar kula da mata masu yoyon fitsari. Na leƙa ta taga har muka wuce, saboda wurin yana cikin tarihin gidan da zan sauka. Surukin gwaggona a can ya yi jinya, a can kuma ya fara jin Bishara, yana kwance ana karanta masa. Har ya rasu bai iya baƙi ko ɗaya ba, amma 'ya'yansa sun ce Zabura ta 23 da dogayen sassa na Bisharar Yahaya a kansa suke.

Maradi gari ne na Katsinawa, zuriyar sarakunan da suka bar Katsina bayan jihadi, shi ya sa Bakatsine ba ya jin kansa baƙo. Tsohon garin a kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu. Ɗan kabu-kabu ya ratsa da ni ta gefen babbar kasuwa, ga buhunan gyaɗa da wake, ga jajayen awakin nan da aka san garin da su, har wata unguwa ta bayan gari mai kallon Gulbi. An yi suna ranar Asabar lafiya, an ci an sha fura. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Lahadin da ta biyo.

Majami'ar ƙarama ce, ginin ƙasa da rufin kwano, maza a benci ta hannun dama, mata ta hagu, tsofaffi a tabarma kusa da bagade don kunne ya yi nauyi. Kiristoci a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2012, don haka kowa ya san kowa, an kuma san wanda bai zo ba. Matan zumunta suka yi waƙa da tulu da caki har ƙasa tana amsawa. Da aka ce lokacin karatu ya yi sai wurin ya yi tsit. Wata uwa ta juyo da goyonta gaba ta ba shi nono tun bai yi kuka ba, don kada ya katse mata ji.

Wata yarinya 'yar makaranta ce ta karanta Luka sura 8, misalin mai shuka. Faransanci take koyo a aji, saboda haka Hausar a hankali take fitowa daga bakinta, kalma bayan kalma, kuma hakan ya yi wa jama'a daidai. Da ta kai aya ta 18, inda Yesu ya ce a kula da yadda ake ji, faston ya ce ta koma farko. Ta sake. Sannan ya rufe nasa littafin ya dubi mutane ya ce, "To, mi kunka ji?"

Wani dattijo ya ce ya ji iri ya faɗi a hanya an tattake shi, tsuntsaye suka cinye. Wata gyatuma ta ce na kan dutse ya tsiro ya bushe don babu laima. Wani saurayi ya ce na cikin ƙaya, sai aka tambaye shi ƙayar mece ce, ya yi shiru, ƙanwarsa ta ɗaga murya daga layin mata ta ce damuwa da dukiya da jin daɗin duniya. Haka suka harhaɗa surar da bakinsu, mafi yawansu ba su riƙe da takarda. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma ga jama'a da yawa a ƙasar nan har yau ta kunne yake shiga.

Wa'azin bai yi tsawo ba, kuma faston bai yi ihu ba. Manomi ne kamar su. Ya ce a ƙasar Yahudawa watsa iri ake yi, amma mu nan mai sungumi yana gaba yana sara, mai iri yana biye yana jefawa, yana rufewa da diddige. Ya ce wanda ya jefa hatsi bai rufe ba, zabi da kurciyoyi ya ciyar. Aikin mai wa'azi sara da jefawa ne, rufewa kuwa na mai ji ne: ya maimaita abin da ya ji, ya yi ta juya shi a zuci, ya faɗa wa wani kafin rana ta faɗi.

Yana cikin haka wata mata ta miƙe, ta gyara zane, ta ce, "Baba Fasto, in rumbu ya ƙare, yara suna kuka, ni kuwa na kwana ina tunanin abin da zan dafa, wannan tunanin shi ma ƙaya ne?" Ba wanda ya ce ta zauna. Lokacin ne kuma da tambayar take da nauyi, don tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon hatsi shi ne mafi wuya a shekara. Faston ya daɗe bai amsa ba. Da ya buɗe baki ya ce Ubangiji da kansa ya koya mana roƙon abincin yini a Matiyu sura 6, saboda haka uwar da ke tunanin cikin 'ya'yanta ba ta yi laifi ba. Abin tsoro shi ne damuwar ta cika zuciya har addu'a ta rasa wurin tsayawa. Wani dattijon ikilisiya ya ƙara da cewa Manzo Yakubu a wasiƙarsa ya gargaɗe mu kada mu zama masu ji kawai, kuma mu duka mun ji abin da 'yar'uwarmu ta faɗa. Bayan an tashi na ga matan zumunta a gindin bedi suna shawarar wadda za ta kawo tiya ɗaya, wadda za ta kawo rabi.

Ina ƙaunar ikilisiyoyinmu na gida, kuma saboda ƙaunar ne zan faɗi wannan. Mun sayi manyan lasifika, mun iya amsa "Amin" tun mai wa'azi bai kai ƙarshen jimla ba, wasu suna ɗaukar hoto da waya ana tsakiyar karatu. A tare mutum a bakin ƙofa a tambaye shi daga wace sura aka yi wa'azi, sai ya ce ai wa'azi ya yi daɗi. Daɗi ba ya raya ruhu. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan ladabi, duk wanda ya ga yadda ake zama gaban malami a tafsirin azumi ya san jin magana aiki ne da ake naɗe ƙafa a yi.

Da dare a tsakar gida aka sake tayar da zancen. Kawu, mijin gwaggo, ya ce shi amsar Fasto ba ta gamsar da shi duka ba, don a surar nan ta Matiyu an ce kada a damu da abin da za a ci. Gwaggo ta ce, "Malam, ai roƙo daban, damuwa daban." Aka aiki yaro ya ɗauko wayar da ke da katin memori mai karatun Sabon Alkawari, aka kunna surar, aka tsayar, aka mayar baya, aka sake ji. Haka mutanen garin Biriya suka yi wa wa'azin Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 17, suna bin Nassi kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake. Kawu ya sauko rabi, ya ce sauran rabin zai kai wa Fasto da kansa ranar Laraba a taron addu'a.

Faston ya riga ya sanar cewa mako mai zuwa Luka sura 10 za a karanta, labarin Marta da Maryamu, don a yi ta ji tun daga gida. Da safe kafin in tafi tasha gwaggo ta sa na nemo mata surar a wayar, na nuna wa jikarta inda za ta danna, sannan ta ɗaura mini ƙullin kilishi da ƙuli-ƙuli ta ce in gaida mutanen Katsina.