Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bakin Saƙa

A makon jiya na tsaya a tarewata gidan Malam, can ƙauyenmu kusa da Ringim. Wasunku sun matsa in shiga labarin haihuwar fari. Ku yi haƙuri, akwai maganar saƙa da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya.

Goggo, Allah ya jiƙanta, cewa take yi, "Saƙa daga baki ake gane ta." Ita kaɗi da saƙar faifai ta sani, ba ta taɓa riƙe allurar ulu ba. Amma duk hular jariri da aka miƙa mata, ba ruwanta da ado, yatsu biyu za ta zura ta ja bakin, ta sake shi, ta ga ko zai koma.

Lokacin ana yayin shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, mata na zuwa koyon ɗinki da saƙa. Malam bai yarda amarya ta fita ba. Facalata ce ke zuwa, ita mijinta ma'aikaci ne. Da na roƙe ta, "Yaya, don Allah ki nuna mini yadda ake kafawa," wato ɗora idanun farko a kan allura, sai ta nuna mini ta yatsa: ki naɗa zare a babban yatsa, ki zura allura, ki ja, ido ya hau. Ta ce shi ke nan, babu wata.

Hawa kam da sauƙi, ko yarinya ta iya. Wahalar tana layin farko. Idanun ba su da gindin zama, kina saƙawa zaren da ke tsakaninsu yana ƙara tsawo, kafin ki kai ƙarshe wani dogon zare na reto, baki duk ya saki. Haka na kai hula sunan ɗan ƙanwar Malam cikin hunturu, da ulun da aka sayo mini a Gujungu. Goggo ta ja baki, bai koma ba. Ta faɗi maganar tata a gaban mata. Facalata har da riƙe ciki don dariya, alhali tata hular bakinta tsaf, domin hanya uku ta iya, ta zaɓo mini wadda ta san za ta kunyata ni.

Da aka ƙirƙiro Jigawa a watan Agusta na 1991 aka mayar da mijinta Dutse, suka kwashe. Allah ya kawo matar wani malamin firamare ta kama haya a maƙwabta, ita ta buɗe mini ido. Ta ce sabon hannu da allura biyu ya kamata ya kafa. Ki yi ƙullin zarge ɗaya a allurar hagu, ki zura ta dama a ciki, ki zagaya zare, ki jawo sabon ido, ki mayar da shi kan ta hagu, ki sake. Kina kafawa kina koyon saƙar kanta, don motsin hannun ɗaya ne. Kuma ba sai kin auna zare ba.

Na ce aunawa, sai na tuna jikata. Bara ta zo hutu da waya tana kallon wata Baturiya a YouTube, an fara ta da kafawa mai dogon jela, wadda ake barin dogon zare a gefe ana kafawa da shi. Ba na kushe hanyar, da ita nake kafa hula da safa yanzu, don bakinta na miƙewa ya dawo, ga kyau. Amma sai kin bar jela kamar ninki 3 na faɗin abin da za ki saƙa, da ɗan ƙari. Yarinyar nan ido 60 take so, tana kaiwa 50 jela ta ƙare, ta warware, ta sake, har ta yi jifa da allura. Na ɗauko na nuna mata ta allura biyu, kafin la'asar ta yi nisa. Da na ga hannunta na matse zare, na sa ta haɗa allura biyu ta kafa a kansu sannan ta zare ɗaya.

Akwai kuma wadda ake zura allura tsakanin ido biyu. Bakinta ƙarfi gare shi, ta dace da bargon jariri, amma kada ki yi wa hula, sai ta yi wa yaro shaida a goshi. Ita ce ta ukun da aka ɓoye mini.

Goggo ba ta ga hulunana na baya ba. Ta rasu kafin in fara kai dozin-dozin ana sayar mini a Kano, da kuɗinsu na sayi tunkiyata ta farko. Abin da ya tsaya mata a rai game da ni, wancan bakin ne da bai koma ba. Wannan nake bin facalata.

Mun haɗu a wani biki a Dutse, ta dafa kafaɗata tana gaya wa ƙawayenta, "Ai ni na koya mata saƙa." Na ce, "Haka ne Yaya, ta yatsa." Ta gane, don ba ta ƙara ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, haihuwar fari, da yadda aka yi rigimar suna.