Furen da ke hawa katangar bayan kicin ɗina

Gidanmu a Lesta, wani birni a Ingila, irin gidajen nan ne na jan bulo masu manne da juna, filin bayansa bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Shekarar da muka tare, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne katangar da nake kallo ta tagar kicin duk sanda nake wanke-wanke. Ba komai a jikinta sai gansakuka. Ni kuwa a gidan da na tashi, kowace damina soso ke hawa danga har ya leƙa maƙwabta, idona bai saba da bango tsirara ba.

Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta haura tamanin, ita ta fara nuna mini kilematis, wata shuka mai fure da ke hawa bango. Nata ya lulluɓe ƙofar lambunta da furanni shunayya mai duhu, kowanne ya kusa tafin hannu. Sunan irin Jackmanii, don wani mai renon shuke-shuke da ake kira George Jackman ne ya haɗa shi a garin Woking a 1858, ya fara fure a 1862. Ke nan sama da shekara 40 kafin Turawa su ci Kano, furen nan yana hawa katangun Ingila.

Ranar da na sayo nawa, tsayawa ta yi a kaina da sandarta har na gama dashe. Ta hana ni haƙa rami a gindin bango, ta ce ƙasar wurin ba ta shan ruwan sama, in matso kamar kamu guda. Na zuba taki ruɓaɓɓe. Sai ta ce in zurfafa, wuyan shukar ya nutse ƙasa da yadda yake a tukunya da kamar yatsu huɗu, wajen santimita 7. Nan na yi turjiya, don a sanina in aka binne wuyan shuka ruɓewa take yi. Ta ce, "Ƴata, binne dai, wata rana za ki gane." Na binne, amma raina bai kwanta ba.

Abu biyu shukar nan take so a lokaci guda: rassanta su sha rana, saiwarta kuma ta zauna cikin sanyi da laima. Da farko fale-falen duwatsu na jera a gindinta don inuwa, ashe ɗaki na gina wa dodon koɗi. Da dare sai su fito su cinye sabon toho tas. Na kwashe duwatsun, na baza ɓawon itace da ruɓaɓɓen ganye, na riƙa fita da tocila bayan isha'i ina tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda take hawa ma abin kallo ne. Soso zare yake miƙawa ya kama abin da ya samu. Ita kuwa da sandar ganyenta take riƙo: ganyen zai taɓa waya, bayan kwana ɗaya ko biyu ki tarar sandar ta lanƙwashe ta zagaye wayar kamar ɗan yatsan jariri a hannun uwa. Shi ya sa katakon da maigida ya kafa mata bai yi amfani ba, ya yi mata kauri. Sai da muka ja siririyar waya a tsakani sannan ta kama hanya.

A shekara ta biyu, ƙarshen watan Yuni, ta kai tsayin mutum, ta cika da ƙunshin fure, ina ta lissafin kwanaki. Wata safiya na ɗaga labule na gan ta a langaɓe tun daga sama. Na zaci ƙishi ne, na kwarara mata ruwa bokiti biyu. Kafin kwana uku ganyen ya yi baƙi, karan ya bushe. Wallahi har ƙwalla na yi. Ciwon yaushi ne, wata funfuna ce ke shiga kara ta toshe hanyar ruwa, kuma ta fi kama irin masu manyan furanni.

Na ɗauko shebur zan tumɓuke, sai dattijuwar ta ƙwanƙwasa katanga da sandarta. Ta ce in yanke duk abin da ya yi baƙi har ƙasa, in zuba a shara kada in haɗa da taki, in wanke almakashin, in ci gaba da ba ramin ruwa. Sati bakwai ina shayar da ƙasa tsura, yara na tambayata me nake ba ruwa. Tsakiyar Agusta sai ga tsiro uku, jajaye-jajaye, sun huda ƙasa. Daga idanun da ke jikin wuyan nan da na binne suka fito.

Har yanzu abin da ya fi yi mini wuya shi ne yankan Fabrairu. Jackmanii a sabon reshen shekara take fure, don haka dole a datse ta gaba ɗaya, a bar kamar santimita 30 daga ƙasa, daidai saman idanu biyu masu ƙwari. Hannuna na rawa nake yi, ga sanyi, ga tausayin abin da na rena. Amma kada wadda ke da irin montana, ɗan asalin tsaunukan Himalaya mai fure a Mayu, ta kwaikwaye ni. Shi a tsohon reshe yake fure, in kika datse shi da hunturu kin yi asarar furen shekarar. Ki adana takardar sunan da ke rataye a tukunya, ita za ta gaya miki lokacin yanka. Ki kuma sa safar hannu, ruwan karan yana sa ƙaiƙayi.

Bana shekararta biyar. A Yuli na kira Inna ta bidiyo na juya mata wayar ta ga katangar, shunayya tun daga ƙasa har sama. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Tubarkalla. Ana miya da shi?" Na ce a'a Inna, yana da guba ma, kallo kawai ake yi. Ta ce to in matso da wayar kusa, tana son ta ƙirga ganyen furen. Na matsar, ta ƙirga huɗu a na farko, biyar a na kusa da shi.