Godiya bayan an sallamo Auta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an sallamo ƙanena Auta daga asibiti, mun iso Zariya lafiya. Yana takawa da sanduna biyu daga ɗaki zuwa tsakar gida. Likita ya ce ƙashin ya kama, ƙarfen da aka sa masa a cinya kuma zai zauna har a ga abin da hoto na gaba zai nuna. Jiya Hajiya ta yi barci irin wanda rabonta da shi tun daren 29 ga Maris na 2022. Ni ma da idona a nauyaye nake wannan rubutu, amma na ga bai kamata in kwanta ba tare da na yi muku godiya ba.

Ba sai na maimaita abin da kuka riga kuka sani ba. Kun ga abin da ya faru a filin Moshood Abiola na Abuja bayan an tashi wasan Najeriya da Ghana na neman gurbin Kofin Duniya, kun ga saƙon neman jini da na tura tsakar dare, kun bi mu ranar tiyata, kun yi azumi da mu muna kwana a barandar asibiti, har Sallah ta same mu a can. Da yawanku ma hankalinku a tashe yake tun kafin namu ya faru, domin daren Litinin ɗin aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, kuma kun san mun tafi Abuja a ranar. Sai da na yi ta amsa waya ina cewa ta mota muka bi, da safe. Kwana ɗaya tsakani na sake kiran gida da wani labarin.

Akwai abin da ban taɓa ba ku labarinsa ba sai a gutsure, shi nake so in faɗa yau.

Da alƙalin wasa ya busa tashi, mutane suka fara tsallakawa cikin fili, ana jifa da robobin ruwa, ana kifar da kujerun 'yan benci. Muna ƙoƙarin sauka ke nan aka harba barkonon tsohuwa. Duk wanda ke sama ya nufo matakala a lokaci guda. Hannun Auta yana cikin nawa, sai na ji babu shi. Turmutsutsun ya ɗauke ni ya fitar da ni har bakin ƙofa, ƙafata ba ta ko taɓa ƙasa sosai. Ina kiran sunansa, ni kaina ba na jin muryata. Idona na zubar da ruwa, maƙogwarona kamar an zuba garwashi. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne me zan gaya wa Hajiya, wadda ta raka mu har zaure tana cewa in riƙe mata shi.

Da na kutsa na koma, a gindin matakala na same shi. Wani dattijo mai furfura a gemu ya durƙusa a kansa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ba jama'a baya. Ana bi ta kansa, ana taka masa yatsu, bai gusa ba. Auta na ƙarƙashinsa, ƙafar ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. A wuyan dattijon akwai gyale mai ja da rawaya da kore, da baƙin tauraro a tsakiya. Tutar Ghana ke nan, a daren da 'yan Ghana ke cusa nasu cikin riga don su tsira da lafiyarsu.

Na faɗi a gabansa ina salati. Ya ɗago ya dube ni ya ce, da Hausar zango, "Naka ne?" Na ce, "Ƙanena ne, Baba." Ya ce, "To ɗana, bar kuka, riƙe kansa. Yi masa magana kada ya yi barci." Ya warware gyalen daga wuyansa, ya jawo sandan wata tuta da aka yar, ya karya shi biyu a gwiwarsa, ya ɗaure cinyar. Yatsunsa biyu sun kumbura, fatar ta saluɓe, amma da su ya yi ƙullin.

Muna cikin haka wasu samari suka hango launin gyalen, suka yo kanmu da ihu. Ɗaya na riƙe da guntun kujera. Na miƙe ina roƙonsu, ba su ko kalle ni ba. Dattijon bai tashi daga durƙuson ba. Cewa ya yi, "Samari, ku kama mini yaron nan mu fitar da shi. In kun gama, ga ni, ku doke ni." Wallahi haka ya faɗa, ba da tsawa ba. Suka yi cirko-cirko. Sai wanda ke riƙe da kujerar ya yar da ita, ya ruga ya ɓallo allon talla, a kansa muka ɗora Auta. Su huɗu suka ɗauka, suna buɗe hanya da irin muryar da suka zo da ita, har bakin titi. Ban san sunan ko ɗayansu ba. Allah Ya san su, Ya shirye su, Ya saka musu.

Baban bai bar mu ba. Ya shiga motar da ta kai mu asibiti, motar 'yan'uwansa ta tafi ta bar shi. Ya zauna a benci har aka kira asuba, muka yi salla sahu ɗaya, sannan ya ce zai nemi hanyar Legas. Na ciro abin da ya rage a aljihuna, ya mayar mini da hannuna. Ya hana ni faɗin sunansa, don haka zan tsaya a abin da muke kiransa a gida, Baba na Kumasi. Bai taɓa tsallake Juma'a bai kira ya tambayi jikin yaron ba. Baba, na san 'ya'yanka za su karanta maka wannan. Hajiya ta ce in gaya maka ta sa ka cikin addu'ar sujada tun daga goman ƙarshe, kuma ba za ta cire ka ba. Allah Ya kare bayanka kamar yadda ka kare yaron da ba ka sani ba. Allah Ya sa yatsun nan su yi maka shaida ranar da kowa ke neman mai shaida.

Kun tambaye ni ranar da na tabbatar Auta zai tashi. Ba ranar tiyata ba ce. Bayan tiyatar ya yi shiru, ba ya son magana, ba ya son a kunna rediyo. Ran nan bayan buɗa-baki Hajiya na ba shi kunu a cokali, sai ta ce, "Ni fa har yau ban gane ba. An ce ba a ci ku ba a Kumasi, an ce ba a ci ku ba a Abuja. To me aka yi wa faɗa, kuma wa ya hana ku tafiya?" Sai yaron nan ya ture cokalin ya ce a ɗaga masa filo.

Ya ce, "Hajiya, gurbi biyar kawai aka ba Afirka duka a gasar Kofin Duniya ta Qatar, ƙasashe kuwa 54." Ya lissafa mata da yatsu yadda aka fara tankaɗe ƙasashe 28 na ƙasan jeri, 14 suka tsallake suka haɗu da 26, aka raba su rukuni 10, kowane da ƙasa huɗu, kuma na ɗaya kaɗai ke wucewa. Ya ce mu mun fito daga rukuninmu da maki 13, duk da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo har Legas ta ci mu ɗaya da nema, Cape Verde kuma ta riƙe mu kunnen doki a wasan ƙarshe. Ghana ma da ƙyar ta sha, da bugun fenaritin Andre Ayew a kan Afirka ta Kudu. Goman da suka rage aka haɗa su bibbiyu, gida da waje. A filin Baba Yara na Kumasi aka tashi babu ci. A Abuja Thomas Partey ya buga daga nesa a minti na 10, ƙwallo ta kuɓuce wa golanmu Uzoho, Troost-Ekong ya rama da fenariti a minti na 22, Osimhen ya zura wata aka ce satar gida. "To idan an yi canjaras a wasa biyun, Hajiya, sai a duba wa ya ci a gidan wani. Su sun ci ɗaya a gidanmu, mu ba mu ci ko ɗaya a nasu ba. Shi ke nan." Har ya ƙara mata da cewa Turawa sun soke wannan doka a gasanninsu na kulob tun 2021, mu ne aka bari da ita, kuma da ita Kamaru ta fitar da Aljeriya a daren nan ɗaya.

Hajiya ta ce ita dai wannan shari'a ba ta yi mata ba. Wani dattijo ɗan Kano da ke gadon kusa, mai karaya a ƙugu, ya sa baki ya ce shi yana filin Sani Abacha a 2005 da Angola ta riƙe mu ɗaya da ɗaya, abin da ya jawo muka rasa gasar 2006 duk da makinmu ɗaya da su. Auta ya ce shi ba a ma haife shi ba, tun da ya yi wayo bai taɓa ganin Kofin Duniya babu Najeriya ba. Suka yi ta musu har nas ta leƙo ta ce a rage murya. Ni kuwa fita na yi waje, don ban so ya ga fuskata ba. Ranar ya shanye kununsa tas.

Yanzu ga waɗanda dole in ambata, ko da ba su so. Kawu direba, wanda ya ɗauko Hajiya ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a makon da jirgi ya tsaya kuma kowa ke tsoron hanyar, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Gwaggo ta Gwagwa, wadda kwanon sahur ɗinta bai taɓa makara ba, ta kuma ba Hajiya ɗakinta ta koma falo. Liman na masallacin unguwarmu da ya sa aka yi ta alƙunutu, ya kuma sa aka zaga da kwano bayan sallar Juma'a. 'Yan gidan kallonmu na Tudun Wada, masoya Arsenal da Chelsea da Madrid da ba sa ga maciji a ranar wasa, sun haɗa kuɗin ƙarfen nan cikin dare biyu. Samarin da suka zo daga Mararaba da Suleja suka ba da jini, wasu ban taɓa ganinsu ba, sun ga saƙo ne kawai suka hau mota. Likitan ƙashi da nas-nas ɗin dare, musamman wadda ba addininmu ɗaya ba amma take tashe mu sahur. Malaman makarantar su Auta da suka riƙa turo masa darasi. Da ku da kuka turo dubu ɗaya, dubu biyu, kuna ba da haƙuri wai ba yawa. Ya yi yawa, wallahi da shi aka sayi magani.

Akwai 'yan'uwa na jini da ke cikin Abuja, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba tsakaninsu da asibitin. Hajiya ta yi ta duban ƙofa. Maganar da aka aiko mana ita ce wa ya aike shi kallon ƙwallo. Mun ji, kuma Hajiya ta ce kada in ƙara komai a kai. Allah Ya bar zumunci.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, kuma namu ya zo da sauƙi. Dokta Joseph Kabungo, likitan Zambiya da aka turo aikin gwajin 'yan wasa, a daren nan ya rasu, ya zo aiki bai koma wa iyalinsa ba. Allah Ya ba su haƙuri. An ci tarar Najeriya, an ce wasa ɗaya za a yi babu 'yan kallo, amma wannan ba ya mayar da rai, ba ya kuma ɗora ƙafa. Ina roƙon masu shirya wasanni su dubi yadda ake shigar da mutane da yadda ake fitar da su, don a matakala aka fi jin ciwo, ba a cikin fili ba. Ina roƙon 'yan'uwana masu kallo, duk zafin rashin gurbi, mu tuna akwai yara a tsakaninmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe a harin jirgin ƙasa. Waɗanda suke daji a hannun maharan a lokacin da nake wannan rubutu a 2022, Allah Ya kuɓutar da su, Ya mayar da su ga iyayensu da 'ya'yansu kamar yadda Ya mayar mana da namu. Majinyatan da muka baro a ɗakin ƙashi, da dattijon Kano da har yanzu bai fara takawa ba, Allah Ya tashi kafaɗunsu. Duk wanda ya taka, ya kira, ya aiko, ya yi mana addu'a a ɓoye, Allah Ya biya masa buƙatunsa na duniya da lahira, Ya jiƙan mahaifansa, Ya raya masa zuri'a, kada Ya nuna masa irin daren da muka gani. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Auta ya ce in sanar da 'yan gidan kallo tun yanzu, a gasar Kofin Duniya ta watan Nuwamban 2022 shi Ghana zai yi, ko da Portugal da Uruguay da Koriya ta Kudu ne a rukuninsu, kuma a ajiye masa benci na gaba inda zai miƙe ƙafa. Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe yana motsa ƙafar kamar yadda likita ya tsara. Masu kawo mana shawarar ɗorin gargajiya, mun gode da kulawa, amma akwai ƙarfe a ciki, an hana a taɓa. Ranar Juma'a bayan an sauko za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, kowa muna gayyatarsa.

Wassalamu alaikum.