Alhamdulillah an gama, ga godiyata gare ku

Alhamdulillahi rabbil alamin. Jiya na tsaya gaban malamai na kare furojet ɗina, sun sa hannu, an wuce wajen. Har yanzu jikina bai gama yarda ba wallahi.

Duk kun san yadda aka yi da ƙafar nan tun da santsin ƙanƙara ya kayar da ni a bakin titi cikin Janairu, ba sai na sake ba ku labarin tiyata da ƙarfen da aka sa min a idon sawu ba, kun ga hotuna kun yi addu'a. Masu tsokanata kuma, wai ɗan Kano da bai san ƙanƙara ba sai ta firji shi ne zai rubuta tarihin wasan hokin ƙanƙara na Union College, kwalejin da ke jihar New York a Amurka, to ga shi an rubuta, sai ku nemi wani abin dariyar.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne akwai wani dare bayan an sallamo ni daga asibiti da na lissafa abin da ya rage min na aiki, na kalli sandunan da nake dogarawa da su, na ce shikenan shekarar nan ta tafi, in ta tafi kuma kuɗin makaranta da biza sun bi ta. Ban yi barci ba, ko Mama ban kira ba don kar in tayar mata da hankali. Ana cikin haka azumi ya kama.

Sai ga Baba. Haka nake ce masa, Bature ne tsoho, tun 1975 da aka buɗe filin hokin kwalejin mai suna Achilles a garin Schenectady yake zuwa kallo, mun yi alkawari zan same shi gida mu yi hira kafin in faɗi. Da ya ji ba na iya fita sai ya ɗauko kwali guda cike da yankakkun jaridu da tsofaffin tikiti, ya hawo min bene da shi yana haki, mutumin da a haife ya haifi babana. Da ya gane ina azumi kofin gahawarsa ma a mota ya bar shi, sai daga baya matarsa ta gaya min.

A ƙasa ya zauna yana miƙo min takardun ɗaya bayan ɗaya. Ga na zuwan Ned Harkness, kocin da ya riga ya ci kofin ƙasa na jami'o'i da jami'ar RPI a 1954 da kuma jami'ar Cornell a 1967 da 1970, aka ɗauko shi ya tayar da wasan bayan an daɗe da barinsa a kwalejin. Ga na ƙarshen 1977 da ya ajiye aiki kan rigimar ɗaukar ɗalibai, 'yan wasansa suka bi shi suka watse, aka tattaro yaran da ba su kai ba aka ƙarasa kakar da su ana ta shan kashi. A nan Baba ya fi daɗewa. Ya ce ya je waɗannan wasannin, kujeru wayam, ya zauna cikin sanyi yana tafa wa yaran da kowa ya san ba za su ci ba. Ni dai a ganina wannan ne zuciyar tarihin gaba ɗaya kuma babin da na fi wahala a kai kenan. Sai 1984 da suka kai wasan ƙarshe a rukuni na uku kwalejin Babson ta lallasa su 8 da nema, sai 1991 da suka hau rukuni na ɗaya suka yi shekaru a gindin tebur.

Da muka zo 12 ga Afrilu 2014, ranar da Union ta ɗauki kofin ƙasa, muryarsa rawa take. Kwalejin da ɗalibanta ba su fi 2,200 ba, a lokacin ko sikolashif na wasa ba ta bayarwa, ta riga ta doke Boston College 5 da 4 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta haɗu da Minnesota mai ɗalibai wajen 50,000 a Philadelphia ta ci ta 7 da 4, uku daga ciki an zura su ne cikin ƙasa da minti biyu a zangon farko. Rick Bennett ne koci, Shayne Gostisbehere aka ba gwarzon gasar. Duk na san wannan tun kafin Baba ya zo, amma ranar da ya zo ɗin ce na buɗe laftof na ci gaba da rubutu. Allah ya saka masa, ya ba shi lafiya, ya shirye shi, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Anti ta Albany na san ba kya son a ambace ki amma sai na faɗa, kunun gyaɗa da ƙosan da kika dinga aiko min na buɗa baki su suka riƙe ni, Allah ya raya miki zuri'a ya kai ki Makka ya sa ki ga aurensu. Abokin ɗakina da ya sha ɗaukar kwandon wankina, malamar da ta duba aikin ta yi haƙuri da ni, liman da 'yan masallaci da suke zuwa su ɗauke ni Juma'a, Yaya da ke kirana daga gida kullum bayan sahur, Mama da addu'arta ba ta yanke ba, Allah ya biya ku da aljanna, ya tsare ku daga kwanciyar asibiti, ya yaye wa duk wanda ke kwance.

Su kawu na Bronx kuwa, jirgin ƙasa bai fi awa uku da 'yan mintuna ba zuwa nan, amma na san hidima ta yi yawa, saƙon WhatsApp ɗin ma na gani na gode.

Likita ya ce ƙarfen sai nan gaba za a duba maganar cire shi, don haka tuƙi bai kama ni ba tukuna. In akwai mai mota a nan kusa da zai samu sarari ranar Asabar ya taimaka ya yi min magana, ina so in mayar wa Baba kwalinsa da hannuna in kai masa kwafi ɗaya.