Jan layi a jikin jirgi

Jirage biyu gare ni, duka na katako, kowanne da injin Yamaha mai doki 40. Fito muke yi daga Yawuri zuwa ƙauyukan bakin tafkin Kainji, mu ɗauki mutane da buhunan shinkafa da albasa, wani lokaci har da babura. Gadon sana'ar na yi, sai dai mahaifina da gora da filafili ya yi tasa.

A zamaninsa bakin sarkin ruwa shi ne doka. Yanzu ga NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lakwaja, wadda aka kafa a 1997. Ta ce a yi wa jirgi rajista, kowane fasinja ya sa rigar kariya, kada a zarce lodi, kuma daga shida na yamma zuwa shida na safe ba a tafiya. Da farko na ɗauka wata hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Haɗarin Warrah na watan Mayun 2021 ne ya sanyaya min jiki, jirgi guda ya tafi da mutum fiye da ɗari, a ruwan nan da muke bi kullum. Satin nan na sayi fenti na ja layi a jikin jiragena. Ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare.

Jan layin bai ɗauke ni minti goma ba. Tsare shi ne aiki. Ranar kasuwa, da la'asar sakaliya, kowa so yake ya kwana gida.

"Haba Alhaji, ni kaɗai ce zan nutsar da jirgi?" in ji wata tsohuwa, ƙullin kayanta a ka.

"Inna, ba ke ba ce, buhuna ukun da ke bayanki ne."

Rigar kariya kuwa, wannan ya ce zafi, wancan ya ce ƙarnin kifi take, wani ya ce in ajali ya zo riga ba ta hanawa. Ba na musu da kowa a kan ajali. Injin dai ba ya tashi sai kowa ya ɗaure tasa. Kuma rigunan ba sa ƙarko, damina ɗaya igiyoyin sun tsinke, ban da waɗanda ake wucewa da su gida a yi matashi.

Dokar dare ce ban taɓa jayayya da ita ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye daji da garuruwa, har da tsohuwar Busa, kuma kututturan itatuwan suna nan tsaye a ƙasa. In ruwa ya ja baya, taƙi ɗaya ne tsakaninsu da cikin jirgi. Da rana direba zai ga ruwan yana ɗan murɗawa ya kauce. Da dare sai dai ya ji ƙara, katako ya tsage.

Abin da ke ci min rai, duk wanda na bari a tasha, akwai mai ƙaramin jirgi a wata mashiga can bayan gari, inda jami'i ba ya leƙawa, zai kwashe su bayan magariba, kuɗin ma har da ƙari. Shi ya sa bara na sayi tabarmi takwas na ajiye a rumfar tasha. Wanda ya yarda ya kwana, da asuba shi ne farkon shiga.